Katangar Kawu Isiyaku

Tun da na dawo daga Lome ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tasha sai wani ya jawo benci ya ce, "Ɗanlami, wai da gaske ka ga teku?" Kafin in amsa wani ya ce, "Wai an ce saura ƙiris a ɗaure ka?" Na ba da labarin har muƙamuƙina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya tafi ya ƙara nasa gishirin. Jiya da kunnena na ji ana cewa wai a buhun goro aka fito da ni daga ƙasar. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata zane ne a jikin manyan motoci. Zaki, mikiya, ɗawisu, furanni, duk wanda kuka gani a bayan gingimari ya yi kyau, to da wuya in ba hannuna ba ne. Wanda bai yi kyau ba na yaran Sabon Gari ne.

Wani direban goro ne ya kawo mini saƙo cewa kawuna Alhaji Isiyaku, ƙanen mahaifiyata da ke zaune a Zangon Lome, ya ga zakina a bayan motarsa, ya ce in zo da burushina akwai babban aiki. Bai faɗi ko wane aiki ba ne. Ni kuwa na ƙudura a raina ko dai otal ne ko gidan wani minista. Na ɗinka sabuwar riga, na zuba gwangwanayen fenti a jaka, na hau jirgin ƙasa zuwa Ikko.

Jirgi bai yi mini komai ba sai ciwon baya. A fijo ɗin da muka hau daga Ikko zuwa iyaka ne aka fara. An ɗora jakata a bayan mota bisa kwandon kajin wata Bayarabiya, ashe murfin jan fenti bai rufu ba. Da aka sauke kaya a iyaka sai ga wata farar kaza ta fito rabinta ja jawur, tana tafiya tana yanga. Matar ta kama rigata tana zuba mini Yarabanci, ina ba ta haƙuri da Hausa, babu mai jin wani. Allah ya kawo wani tsoho ɗan ƙasar, ya zagaya kazar, ya ce irinta yake nema tun bara don wani aikin tsafi, ya saye ta nan take. Sai matar ta saki rigata, ta nuna mini sauran kajin, ta nuna gwangwanin. Direba ne ya raba mu.

Ma'aikacin iyaka ya duba katin allurata a juye, ya buɗe jaka, ya shinshina kwalbar kananzir da nake wanke burushi. Da ya gane ni mai fenti ne sai fuskarsa ta washe. Ya kama hannuna har gaban sandar da suke tare hanya da ita, duk ta koɗe, ya ce in na mayar da ita fari da ja zan wuce. Haka na tsuguna a rana ina yi wa gwamnatin wasu aiki, fasinjoji suna cikin mota suna tsine mini. Na gama, ya yaba, ya buga mini hatimi, sannan ya jingina da sandar don ya ɗaga mana hannu. Na ce wa direba ya taka mota kafin mutumin ya ga bayan wandonsa.

A Kotono muka kwana, a shagon wani mai masauki Bakatsine, sauro ya yi walima da ni. A nan na fara lura cewa mutanen bakin teku ba sa barin bango ya huta. Mu a Kano mota muke yi wa ado, bango kuwa sai dai yara su zana jaki da gawayi a bi su da bulala. Can kuwa ko'ina jan tauraro ne da dunƙulallen hannu da rubutun Faransanci, har a bayan makewayi.

A iyakar Togo wani jandarma ya tsare ni, ya nuna wani ɗan hoto da ya maƙala a ƙirjinsa, ya tambaye ni ko na san wane ne. Na duba hoton, na duba shi, na ga ƙeyarsu iri ɗaya. Na ce, "Babanka ne?" Direba ya dafe kai. Shi kuwa jandarman da aka fassara masa sai ya rungume ni, ya ce baƙon nan ya fi wasu 'yan ƙasa hankali. Sai a mota aka gaya mini Shugaban ƙasa ne, kuma uban kowa ake kiransa. Daga nan har Lome ban daina ganin fuskar nan ba, a bango, a ƙirji, a agogon hannu, har a atamfar mata.

Teku kam na gani, ruwa ne da yawa, ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki matan kasuwa ne, manya-manya, suna zaune a bayan Marsandi, mazajensu kuwa suna fama da ƙananan babura masu ƙarar sauro. Zango kuma kamar an yanko unguwa daga gida an ajiye. Ga kiran salla, ga koko da ƙosai, ga masu ɗinkin hula. Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Kotokoli duk Hausa suke yi, sai dai Hausar ta sha ruwan teku, kowace magana sai an jefa mata Faransanci, "bon" a gaba da "wala" a baya. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi. Daren farko matar Kawu ta kawo mini tuwon masara mai tsami da suke kira akume, na sa hannu a miya sai wani abu ya riƙe mini yatsa. Ƙaguwa ce guda da ƙafafunta. Na rantse ba zan ci ba. Kafin in bar garin ni ke tauna ƙafafun.

Kawu mutum ne gajere mai tumbi, mai yawan kallon bayansa kafin ya yi magana. Da safe ya ce in zo in ga aikin. Na sa sabuwar rigata. Muka zagaya bayan gidansa, tun kafin mu sha kwana hancina ya ba ni labari. Doguwar katanga ce a lungu, daura da wani gidan giya na 'yan gari, ƙasanta ya yi baƙi ya jiƙe har siminti yana ɓarewa.

"Ka ga masifata, ɗana," in ji Kawu. "Ɗakin kwanana yana bayan nan. Na sa an rubuta da Faransanci an hana, suka riƙa saita rubutun. Na ɗauki mai gadi da kulki, na kama shi shi ma yana yi. Na aro wata tukunyar tsafi mai gashin kaza daga unguwar Be, wallahi ta yi aiki, amma Liman ya ce ko tukunya ta tafi ko in daina bin sa salla."

Na ce, "To Kawu, zaki zan zana ya tsorata su?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ka lura da bangon ofishin jam'iyya? Ko kare ba ya ɗaga ƙafa a wurin. Hoton Shugaba za ka zana mini, babba, daga sama har ƙasa. In ga ɗan da zai kwance wando a gabansa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ratso ƙasa uku saboda fitsarin mashaya. Amma da na sake duban faɗin katangar sai zuciyata ta kwaɗaitu, ban taɓa samun fili irin wannan ba. Aka wanke, aka yi sabon shafe, aka kewaye wurin da zana don kada a gani sai an gama. Matar Kawu ta ara mini zaninta mai hoton in riƙa kwaikwaya. Ta ce dama ba ta cika ɗaura shi ba, don sai mace ta yi ta lissafin yadda za ta zauna kada ta zauna a inda bai kamata ba.

A bakin lungun akwai rumfar wani mai zane, Kosi, ɗan ƙabilar Ewe, siriri mai gajeren wando, wanda ba a gane asalin launin rigarsa. Shi ke zana allunan masu aski, kawuna a jere kowanne da irin askinsa, shi kuma ya zana wata mace mai jelar kifi a bangon gidan giyar. A Zango ya tashi, yana jin Hausa irin tasu. Ranar farko ya leƙo ta zana ba sallama, ya ce, "Kano, wannan hanci na mutum ne ko na mota?" Na ce wanda bai taɓa zana abin da ya wuce ƙeya ba ina ya san hanci. Washegari ya kawo mini tsaninsa, don nawa na aro yana rawa. Haka muka yi kwanaki, yana zaune yana cin gyaɗa yana kushe ni, ni ina sama ina ramawa. Shi ya koya mini haɗa launin fata da bula kaɗan don ta yi sheƙi. Ban gode masa ba, na ce dama na sani.

Ranar da zan gama Kosi ba ya nan, ya tafi jana'izar wata gwaggonsa. Su jana'iza biki ce, da kiɗa da rawa da anko, sai mutum ya yi sha'awar mutuwa a can. Na gama hula, na gama kafaɗu, hoto ya yi kyau har ni kaina na ji ina so in gyara tsayuwa. Saura abu ɗaya. Maigidana da ya koya mini sana'a ya hore ni cewa duk mai rai da ka zana, ka ja masa siririn layi a wuya daga gefe zuwa gefe, ya zama kamar an raba kai da jiki, don kada ranar gobe a ce ka hura masa rai ka kasa. Ku duba kowane zakina za ku ga layin, hannuna ya saba har ba na tunani. Na ja da baƙi, bai fito ba saboda fatar. Maigidana kuwa ya ce layin da ba a gani ba layi ba ne. Sai na ja da ja.

Washegari da hantsi Kawu ya tara maƙwabta, har da Liman, aka yaye zana. Na tsaya a gefe ina jiran tafi. Babu wanda ya tafa. Liman ne kaɗai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, yaron nan ya san addini." Sauran mutane kuwa sai na ga suna ja da baya a hankali, kowa ya tuna yana da uzuri. Wani mai baƙin tabarau da ke kan babur a bakin lungu ya ɗaga tabaran ya duba, ya mayar, ya tayar da babur ya tafi. Kawu ya zauna a ƙasa daɓas da babbar rigarsa.

"Ɗana, ka yanka Shugaban ƙasa," ya ce. "A bangona. Da rana tsaka."

Na fara bayanin ranar gobe, ya ce ranar yau yake ji. Mai tabaran nan rahoto ya tafi kaiwa, kuma wanda aka kai bariki a kan abin da bai kai wannan ba, iyalinsa sun gaji da jira. Mu kuwa baƙi ne, gida da shago da duk abin da ya tara a garin nan za su iya tafiya kafin magariba, ni kuma ba ni da kowa sai katin allura. A nan tsoro na gaske ya kama ni.

Na ce in goge layin. Kawu ya ce fentin mai ne ya bushe, kuma wa zai hau tsani a ga yana kankare wuyan Shugaba da wuƙa? Matarsa ta ce a rataya zani a rufe, ya ce rufe fuskarsa laifi ne na biyu. Liman ya ba da shawara a yi masa gemu ya sauko har ƙirji, ya ce dama zai fi masa kyau. Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, don Allah ka tafi gida."

Ana cikin haka sai ga Kosi ya dawo daga jana'iza, ido jawur, da ankonsa. Ya dubi bango ya fashe da dariya har ya riƙe tsani. Can ya tambaya ko wani ya gani, aka ce mai tabarau. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon wuyan, sannan ya ce, "Bon. Kano, kawo kore da rawaya. Ja ka riga ka sa."

Dabararsa ita ce a mayar da layin igiyar lambar girma mai launin tutar ƙasar. Ya hau tsani, na hau ganga, ya ja rawaya a ƙarƙashin jan, na ja kore, muka sauko da su ƙirji. Lambar kanta ya bar mini, ya ce in sa abin da na fi iyawa. Na zana zaki a tsakiya, ƙarami, mai geza, ya fito. Ina gamawa burushi ya nufi wuyan zakin da kansa. Kosi ya cafke mini hannu ya ce, "Wannan a bar shi da ransa."

Ba mu sauke tsani ba muka ji ƙarar jif. Sakataren jam'iyya na yankin ne, ƙato mai kwat, da jandarma biyu, da mai tabarau a baya yana nuna bango. Lungu ya cika da masu leƙe ta kan katanga. Sakatare ya tako har gaban hoton, ya ɗaga kai, ya kai yatsa ya taɓa igiyar. Yatsan ya fito da kore. Ya dubi yatsan, ya dube mu, ya yi tambaya da Faransanci a hankali. Ban buƙaci tafinta ba, wa ya yi wannan yake cewa.

Kun san bakina, amma wallahi na neme shi na rasa. Kawu ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Jandarma ɗaya ya gyara riƙon bindiga. Sai Kosi ya ajiye gwangwani, ya goge hannu a ankonsa, ya matsa gaba ya ce, "Se mwa." Wato ni ne.

Abin da ya biyo baya Kawu ne ya fassara mini daga baya. Sakatare ya ce an gaya masa an yi wa wuyan nan jan layi. Kosi ya ce ai kowace igiya da layi ɗaya ake fara ta, wanda ya kai rahoto bai jira an gama ba ne. Sakatare ya ce wace lamba ce wannan, shi bai san ta ba. Kosi ya ce mutanen Zango ne suka ba Shugaba daga zuciyarsu. Sakatare ya sake duban zakin. Sannan ya murtuke fuska ya ce, to don me hoton ofishin jam'iyya ba shi da ita? Ana nufin Zango ta fi jam'iyya son Shugaba ne? Gobe Kosi ya zo ya sa wa na ofis, da na makaranta, da na bakin kasuwa, kuma zakin ya fi wannan girma. Ya juya ya ƙwace tabaran mai tabarau ya sa a aljihunsa, ya ce tunda ba ya gani da su ba su da amfani.

Nan take bakina ya dawo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zakin ni na..." Kawu ya taka mini ƙafa da duk nauyinsa. Ina ji ina gani Sakatare ya sa Kosi ya rubuta sunansa a ƙasan hotona, da manyan baƙaƙe, mutane suna tafi.

Kawu bai yarda na ƙara kwana biyu ba. Ya ce masu mulki suna da saurin sake tunani, washegari da sassafe ya kai ni tasha ya damƙa ni ga direba, da burodi biyu a hammata. Na shiga mota ina kumbure. Aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata yana can da sunan wani, kuma wanin zai zagaye gari yana cin suna da zakina. Sai ga Kosi a tagar mota, da tsaninsa a kafaɗa, zai tafi ofishin jam'iyya. Ya ce in nuna masa yadda ake gezar zaki, don shi duk wanda ya gwada sai ya fito kamar askin boka.

Na ce, "Ka cinye mini suna, yanzu kuma geza kake so?"

Ya yi dariya, ya jingina tsanin da mota. "Kano, lokacin da na ce ni ne, ka san abin da mutumin zai ce? Ni ma ban sani ba. Na dai duba na ga in ni aka kai bariki, ina da uwa da 'yan'uwa masu kai mini akume. Kai wa zai kai maka? Kawunka yana kallon sama."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na lalubi fensir, na zana masa gezar a jikin takardar burodi, na miƙa masa, direba ya ja mota kafin in haɗa kalmar godiya.

Na sayi burushi masu kyau na gashin raƙumi, irin waɗanda ni kaina ban taɓa saya wa kaina ba, suna nan a naɗe a shagona. Duk direban da zai yi Lome a cikinku ya biyo ya karɓa. In ya shiga Zango ya tambayi rumfar Kosi mai zanen aski, ya ce masa in ji Kano, hancin nan da ya ce ya yi girma, gaskiyarsa ne.